Bayan BEPC sai ina? Abubuwan da iyaye a Dogon Kiriya za su auna kafin su zaɓa wa yaro makaranta

Kowace shekara, idan damina ta kankama, ana fitar da sakamakon jarabawar BEPC. A Dogon Kiriya, kamar a Matankari, Sukukutan, Ɗan Kasari da sauran garuruwan ƙasar Arewa, gidan da ɗansu ya ci jarabawar sukan yi murnar kwana biyu, daga nan sai tambaya ta biyo baya: wace makaranta zai shiga idan an koma karatu, a wane gari, kuma a gidan wa zai zauna? Iyaye da dama ba sa fara wannan tunani sai sakamako ya fito, alhali a lokacin an riga an yanke mafi yawan hukuncin, domin makin da yaron ya tara da takardar zaɓin da ya cike suna hannun hukumomin ilimi tun kafin a tafi hutu.

Yadda tsarin yake

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, ya yi 4 a kolej, sannan 3 a lise. Ajin ƙarshe na kolej shi ne turwaziyam, kuma a ƙarshensa ake rubuta BEPC. Cin jarabawar bai isa ya ba yaro gurbi a lise ɗin gwamnati ba. Akwai kwamitin da ke zama ya rarraba waɗanda suka ci, yana duba makin da kowa ya samu a cikin shekara da na jarabawa, da shekarun haihuwarsa, da abin da ya rubuta a takardar zaɓi. Wanda aka ba gurbi ya samu karatun gwamnati. Wanda ba a ba shi ba, sai iyayensa su nemi makarantar kuɗi ko wata hanyar daban.

A karkara akwai makarantu iri biyu da ya kamata a bambance. CEG kolej ce zalla, karatunta yana tsayawa a turwaziyam. CES kuwa ta haɗa kolej da lise a wuri guda. Inda akwai CES kusa, yaro zai iya ci gaba ba tare da ya yi nisa da gida ba. Inda babu, ko kuma ba ta koyar da ɓangaren da yake so, dole ya tafi Dogon Dutsi, ko Doso mai nisan kilomita kusan 140 daga Dogon Dutsi, ko Yamai mai nisan kusan 270.

Lise na gama-gari: A, C ko D

Mafi yawan masu BEPC nan ake tura su. A shekarar farko, wadda ake kira sagond, ɗalibai suna rabuwa gida biyu: sagond A ta harsuna da adabi, da sagond C ta kimiyya. Daga shekara ta biyu ƴan kimiyya suna sake rabuwa. Ɓangaren C ya fi ba lissafi da fizik nauyi, ɓangaren D kuma ya fi karkata ga ilimin halittu da na ƙasa.

Wannan rabuwa ita ce ke buɗe ko rufe ƙofofi shekara uku nan gaba. Mai bak A zai iya karanta shari'a, tarihi, harsuna, aikin jarida ko ilimin zamantakewa. Wanda ke son likitanci a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko aikin injiniya a makarantar EMIG, ko ilimin noma mai zurfi, yana buƙatar bak na kimiyya. Ɗalibin sagond C da karatu ya yi wa nauyi ana iya mayar da shi A, amma da wuya a ga ɗan A ya koma C, saboda lissafin da ya wuce shi ba ya ramuwa cikin sauƙi.

Kuskure iri biyu ake yawan yi a nan. Wani uba yakan nace sai ɗansa ya shiga C domin yana son a samu likita a gida, alhali yaron da ƙyar yake kai maki 10 cikin 20 a lissafi. Irin wannan yaro yakan maimaita aji, wani lokaci a kore shi. Wani yaron kuma yana da ƙwaƙwalwar lissafi, amma ya gudu zuwa A saboda abokansa sun ce ta fi sauƙi. Malaman lissafi da na fizik da suka koyar da yaro a kolej sun fi kowa sanin inda ƙarfinsa yake, kuma zuwa a tambaye su ba ya cin ko dala.

Ya kamata kuma a sani cewa shiga lise ba ya nufin an samu bak. Daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci jarabawar bak a faɗin ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka rubuta ba a kowace shekara. Ɗalibin da ya yi shekara uku ko huɗu a lise na gama-gari ya fito babu bak, takardar da ke hannunsa ita ce dai BEPC ɗin da ya shiga da ita.

Makarantun fasaha da na sana'a

Hanya ta biyu ita ce ta lise na fasaha. Wadda ta fi daɗewa da suna ita ce Ɗan Kasawa ta Maraɗi, sai Isa Beri ta Yamai. A cikin jahar Doso akwai lise ɗin fasaha a Dogon Dutsi, wanda shi ne mafi kusa da ƴan Dogon Kiriya. A irin waɗannan makarantu ana shirya bak na fasaha: ɓangaren E na lissafi da ƙere-ƙere, ɓangarorin F na kanikanci, lantarki da gine-gine, da ɓangarorin G na aikin ofis, lissafin kuɗi da kasuwanci. Ba kowace makaranta ke da dukkan ɓangarorin ba, don haka sai an je an tambaya.

Amfanin wannan hanya shi ne ɗalibi yana fita da bak wanda zai kai shi karatun gaba, kuma hannunsa ya riga ya saba da aiki. Mai bak na fasaha zai iya shiga cibiyoyin fasaha na jami'o'i, waɗanda ake kira IUT, a Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Doso, inda aka kafa jami'a a 2014. Ko da bai wuce gaba ba, wanda ya koyi haɗa wutar gida, gyaran inji ko riƙe littafin kuɗi yana da abin da zai nemi abinci da shi.

Ƙasa da lise akwai cibiyoyin horo na CFPT, inda mai BEPC ke yin karatu mai gajeren zango ya samu takardar BEP. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin ƙananan hukumomi, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur da makamantansu, kuma suna karɓar har wanda bai ci BEPC ba. Ga mai sha'awar noma da kiwo, makarantar IPDR ta Kollo, kusa da Yamai, ta daɗe tana horar da malaman gona da na dabbobi da na gandun daji. A ƙasar da ake noma gero da wake da gyaɗa da damina, ake kuma yin lambun kwambitar da albasa da rani a fadamun Dallol Mawri, wanda ya yi irin wannan karatu ba zai rasa inda zai yi aiki da shi ba.

Har yanzu wasu iyaye suna kallon karatun fasaha a matsayin na wanda ya gaza. Lise na fasaha kuwa yana neman mai ƙarfi a lissafi kamar yadda sagond C ke nema, kuma guraben ba su da yawa.

Makarantar haziƙai da ta Farasanci da Larabci

A Yamai gwamnati tana da lise na musamman domin haziƙan ɗalibai a fannin kimiyya, wanda aka sani da Lycée d'Excellence. Ana shigarsa ta hanyar gasa tsakanin waɗanda suka fi maki a kolej daga duk jahohi. Ɗan Dogon Kiriya yana da damar neman shiga kamar ɗan Yamai. Abin da ya fi hana ƴan karkara shi ne labarin gasar ba ya isa gare su da wuri, ko kuma takardunsu ba su cika ba a lokacin da ake karɓa. Idan yaro yana cikin na gaba-gaba a ajinsa, ya kamata uba ya je wajen daraktan kolej tun farkon shekarar turwaziyam ya tambayi sharuɗɗan gasar da lokacinta.

Ga yaron da ya taso a makarantar Farasanci da Larabci, akwai lise na wannan tsari da bak ɗinsa. Yana kai mutum jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986, da jami'o'in ƙasashen Larabawa, da kuma jami'o'in gwamnati. Abin lura shi ne ƙarfin Farasancin yaron, domin da shi ake yin yawancin karatun jami'a da gasar neman aikin gwamnati.

Akwai hanyar da ke rage shekaru?

A Amurka akwai wasu makarantun sakandare da ke haɗa gwiwa da jami'a, ta yadda ɗalibi yana sakandare yana ɗaukar darussan jami'a, kuma ana lissafa masa su. Wasu suna fita da takardar sakandare tare da karatun jami'a na shekara biyu, ba tare da sun biya kuɗinsa ba. Tsarin ya bazu ne daga 2002, lokacin da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi a ciki, da nufin taimaka wa ƴaƴan talakawa da waɗanda ba a taɓa samun ɗan jami'a a gidansu ba. Iyaye a can suna yanke shawarar tun yaro yana ƙaramar sakandare, suna auna ko zai iya ɗaukar nauyin karatun.

A Nijar lise ba ya rage wa kowa shekarun jami'a. Daga BEPC zuwa lisans shekara 6 ce ga wanda bai taɓa faɗuwa ba: 3 a lise, 3 a jami'a. Yaron da ya ci BEPC yana ɗan shekara 16 zai gama yana da 22, idan komai ya tafi daidai. Abin da ke rage hanya a nan shi ne kada ya maimaita aji, kada ya shiga ɓangaren da zai bari a tsakiya, kuma ya samu takardar da za ta yi masa amfani ko da karatun ya tsaya. Duk shekarar da aka maimaita, gida ya sake fitar da hatsi da kuɗin shekara guda, kuma shekarun yaron suna ƙaruwa, alhali ana duba shekaru wajen ba da tallafin karatu na hukumar ANAB da wajen shiga gasa da dama.

Inda zai kwana da abin da zai ci

Ga ɗan ƙauye, zaɓen makaranta zaɓen wurin zama ne na shekara uku. Yawancin makarantun lise na gama-gari ba su da ɗakunan kwana. Ɗalibi yakan sauka gidan dangi ko na abokin mahaifinsa, ko kuma su haɗu su huɗu ko biyar su kama ɗakin haya, kowa ya kawo tiyoyin gero daga gida. Malamai a yankin sun saba ganin yadda aji ke raguwa bayan hutun farko, sannan ya sake raguwa idan rani ya yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, saƙon gida ya daina zuwa. Yaron da ya kwana da yunwa sau uku a mako, ga abokansa da suka tafi ci-rani suna aiko da hotuna a waya, ba ya buƙatar wanda zai ba shi shawarar ajiye littafi.

Saboda haka kafin a yi maganar sunan makaranta, ya kamata a zauna a yi lissafi. Wane ne mai masaukin, kuma an yi magana da shi baki da baki, ko an ɗauka kawai zumunci zai sa ya karɓa? Shi ma yana da iyalinsa, hatsin birni kuma saye ake yi. Buhu nawa gida zai iya warewa bayan girbi, kuma wa zai cike giɓin idan damina ba ta yi kyau ba? Nisan gidan da makaranta nawa ne? Akwai fitila da wurin da yaro zai yi bita da dare? Kuɗin mota na zuwa gida hutu, da na littattafai, tufafin makaranta, sabulu da magani, duk suna cikin lissafin.

Idan aka yi wannan awo da gaskiya, sau da yawa za a ga cewa makaranta matsakaiciya da ke kusa, inda uba zai iya leƙawa ranar kasuwa, ta fi wa yaron amfani a kan babbar makarantar Yamai da babu mai kula da shi. Akasin haka ma yana faruwa: idan makarantar kusa ba ta da malamin fizik, yaron kuma ɗan kimiyya ne, zamansa kusa da gida zai ci masa makoma. A nan makarantun da ke da wurin kwana da abinci suke da daraja, kuma yana da kyau a tambayi kowace makarantar fasaha ko tana da shi.

Batun ƴan mata

Duk abin da aka faɗa ya fi tsanani idan yarinya ce. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma lokacin da yarinya ke gama kolej shi ne lokacin da masu neman aure ke yawan sallama. Iyaye da yawa ba karatun suke ƙi ba. Tsoronsu shi ne su tura ƴar shekara 15 ko 16 wani gari, gidan da ba su san tarbiyyarsa ba, inda za a iya mayar da ita mai wanke-wanke da talla.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke karatu, daga 2021 kuma aka shiga gina wuraren kwana na ƴan mata a makarantun karkara, na farko a Kelle cikin jahar Damagaram. Waɗannan wurare ba su kai ko'ina ba tukuna. Don haka ga yarinya, a fara neman masauki amintacce, zai fi kyau a hannun gwaggo, inna ko wata mace da uwar ta yarda da ita, a kuma faɗa mata a fili cewa karatu aka kawo yarinyar. Wasu ƙauyuka sukan haɗa ƴan matansu a gida guda ƙarƙashin kulawar dattijuwa, iyaye suna karo-karon abinci. Likita mace da ungozoma da malamar da ake nema a asibitoci da makarantun Arewa, daga cikin waɗannan ƴan matan za su fito.

Abin da za a tambayi makaranta

Ko ta gwamnati ce ko ta kuɗi, akwai tambayoyin da uba ko wa ko kawu zai iya yi ba tare da ya iya Farasanci ba. Ɗalibai nawa ne a aji guda? Akwai malamin lissafi da na fizik da na ilimin halittu tun farkon shekara, ko sai an yi wata biyu ana jira? Makarantar tana kai ɓangaren C ko D har tarminal, ko yaron zai sake ƙaura bayan shekara guda? A makarantar fasaha, injunan da ke ɗakin koyon aiki suna aiki kuwa, kuma ana tura ɗalibai gwajin aiki a waje?

Game da sakamakon bak, a nemi na shekara uku a jere, a kuma tambayi ɗalibai nawa suka shiga sagond da nawa suka kai ga rubuta jarabawar. Makarantar da ke sallamar raunana kafin tarminal za ta iya nuna sakamako mai kyau a allo. Idan ta kuɗi ce, a nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi, a kuma san jimlar kuɗin shekara da duk ƙananan caji kafin a biya kashin farko. Hira da tsofaffin ɗalibanta biyu ko uku ta kan bayyana abin da darakta ba zai faɗa ba.

Masu tunanin tsallaka iyaka

Dogon Dutsi ba ta da nisa da Najeriya, kuma gidaje da yawa suna da dangi a Argungu, Birnin Kebbi da Sakkwato. Wasu sukan yi tunanin tura yaro can. Tsarin ya bambanta: shekara 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, sannan jarabawar WAEC ko NECO, da ta JAMB domin shiga jami'a, duka da Ingilishi. Yaron da ya yi shekara 10 yana karatu da Farasanci yakan yi asarar lokaci kafin harshen ya zauna masa. Idan kuma ya dawo gida neman aiki ko karatu, sai an kai takardunsa hukuma ta tantance matsayinsu. Wannan hanya ta fi dacewa da gidan da ya yanke shawarar cewa yaron zai ƙarasa karatunsa a can.

A fara tun daga katiriyam

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Lokacin fara shiri shi ne ajin katiriyam, shekara guda kafin ajin jarabawa, domin a nan ake ganin ko lissafi da Farasancin yaro sun tsaya da ƙafarsu, kuma akwai sauran lokacin gyara. Uban da bai yi boko ba zai iya kai takardar sakamako wajen malami ko wani ɗan kwamitin COGES ya karanta masa, ya nuna masa darussan da yaron ya fi ƙarfi da waɗanda yake ja da baya.

A wannan shekarar ce kuma ya kamata a duba takardar haihuwa. Yara da yawa a ƙauyuka ba a yi musu ita a kan lokaci ba, sai an bi ta hannun alƙali, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. A tabbatar cewa sunan yaro da na mahaifinsa da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da a rajistar makaranta, domin harafi guda da ya bambanta yana iya tsayar da takardun gasa.

Idan an shiga turwaziyam, a zauna da yaron kafin ya cike takardar zaɓi, a ji abin da yake so, a haɗa da abin da malamansa suka ce da abin da gida zai iya ɗauka. A tsayar da zaɓi na farko da na biyu, a kuma shirya abin da za a yi idan bai ci ba ko ba a ba shi gurbi ba: maimaita aji, makarantar kuɗi, ko cibiyar sana'a. Sharuɗɗan shiga makarantu da ranakun gasa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma ana samun na bana a ofishin daraktan kolej ko a ofishin kula da ilimin sakandare da ke Dogon Dutsi da Tibiri.